Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓe Kuɗi: Ina Dambenmu Ya Dosa?

A makon jiya, bayan sallar isha'i, na shiga wani ɗaki a masaukinmu na ɗalibai na tarar da samari wajen goma sun yi cincirindo a kan wayar hannu guda ɗaya, kai ka ce rabon gado ake yi. Dambe suke kallo, wanda aka ɗauko daga wani gidan dambe na Abuja. Da aka yi kisa sai ɗakin ya kaure da sowa. Na bari hayaniya ta lafa, sa'an nan na tambaye su, tun da yake yawancinmu 'yan ƙasar Tambuwal da Kebbe ne, na ce wa ya tuna ranar da ya yi wa dambe kallon ƙarshe a fagen garinsu. Aka yi tsit. Can sai ɗaya ya ce shi dai tun yana firamare. Wani ya ce ai shi bai taɓa zuwa ba, don mahaifinsa ya ce taron 'yan tasha ne. Amma dukkansu sun san Ali Ƙanin Bello, sun san Dogo Mai Takwasara, kowa da gwaninsa, har ana neman ba hammata iska a kan wanda ya fi.

Wannan shirun da aka yi mini shi ya sa na ɗauki alƙalami. Abin da nake so in faɗa a fili yake, ya 'yan'uwana ɗalibai da ƙananan ma'aikata: dambe bai mutu ba, hasali ma bai taɓa samun 'yan kallo da kuɗi kamar yanzu ba, amma an tuge shi daga ƙasar da ta haife shi, an bar ɗan damben da ke zuba jininsa ba shi da doka ko takarda da za ta kare shi. Laifin kuwa ba na kowa ba ne sai namu, mu da muka iya rubutu muka ƙi rubutawa.

Bari mu tuna abin da dambe yake kafin ya shiga waya. Asalinsa wasan rundawa ne, watau mahauta, kuma lokacinsa kaka, sa'ad da aka cire amfanin gona, rumbu ya cika, samari suka sami sarari. 'Yan dambe su kan tashi ƙungiya guda su bi garuruwa tare da makaɗansu, a share fage a bakin kasuwa ko a bayan gari, kalangu ya ɗauka, kowane shago ya ji takensa tsigar jikinsa ta tashi. A naɗe hannu guda da ƙyalle da zare, shi ne mashi, ɗaya hannun kuwa a miƙa shi gaba a buɗe, shi ne garkuwa. Turmi uku ake yi. Wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa an kashe shi, in kuwa ba a yi kisa ba sai a raba su. Akwai ɓangarori uku da kowa ya sani, Kudu da Arewa, wadda ake ce wa Jamus, da Guramada, kuma yaro ba ya faɗowa fage daga sama: yana da ubangida wanda ya koya masa, shi ya sa har yau ake jin Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane, Garkuwan wane. Wannan suna shi ne takardar shaidar makarantar da ya fito.

Ƙasar Sakkwato ta dā, kafin a cire mata Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996, ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Daga nan Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya fito, wanda waƙoƙinsa suka sa sunan Shago da Ɗandunawa ya wuce zamaninsu, har malaman jami'a suna nazarin su a yau. A Argungu kuwa, wadda ba ta da nisa da mu, bikin kamun kifi da aka faro tun 1934 ya daɗe yana haɗawa da dambe da kokawa. Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega, ta Shagari da Tambuwal, ya tsaya ya zanta da tsofaffin Dogon Daji ko Jabo ko Sanyinna, ko ya ratsa zuwa Kuchi da Margai, zai ji sunayen zaratan da suka yi tashe a zamaninsu. Amma a bakin tsofaffi kaɗai zai ji. Ranar da tsohon ya kwanta dama, sunan ya bi shi kushewa.

To, ina damben ya koma? Ya koma bariki. Da farko ya bar zama wasan kaka ya zama sana'ar kullum a gidajen dambe da ake biyan kuɗin ƙofa, kamar na Dei-Dei a Abuja, da na Marabar Nyanya, da dandalin Ado Bayero a Sabon Garin Kano, inda ake sa gasar babur da ta mota. Sa'an nan ya hau intanet. Tun 2017 masu Dambe Warriors suka fara zuba hotunan wasanni a YouTube, mutane miliyoyi suka kalla, ciki har da waɗanda ba su san inda Nijeriya take a taswira ba. Wani kamfanin kuma, African Warriors Fighting Championship, wanda Maxwell Kalu ya kafa, ya kai ga ƙulla yarjejeniya da tashar DAZN a 2025 don nuna dambe ga duniya. Har kamfanonin caca na ƙetare sun hango romo sun fara liƙa sunayensu a bakin fage.

Kada a ce ina hassada. Waɗannan mutane sun ga abin da muka raina, suka sa dukiyarsu, kuma wasunsu sun kawo abubuwan da ya kamata a ce mu muka fara kawowa, kamar awon nauyi da ajiye likita a bakin fage. Tambayata ita ce: cikin ɗaruruwan samarin da ke naɗe hannu a ƙasar Hausa, nawa ne suke kaiwa gaban waɗancan na'urorin ɗaukar hoto? 'Yan ƙalilan ne. Sauran suna nan a ƙananan gidajen dambe, ana biyan su abin da mai gida ya ga dama, da ɗan liƙin da 'yan kallo suka yi musu. Wani ya ɗauki hoton kisan da aka yi musu da wayarsa ya sa a intanet ya ci riba shekara da shekaru, su kuwa ko kuɗin allura ba su gani ba. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Ba da ka nake magana ba. A ƙauyen kakannina na wajen uwa, cikin ƙasar Kebbe, akwai wani bawan Allah da muke kira kawu. Sa'ad da muke yara, in ya dawo daga bariki har rakiya muke yi masa, don an ce ya kashe manya. Shekara goma sha wani abu ya yi yana yawon dambe. Yau bai kai hamsin ba, amma hannunsa rawa yake yi, maganarsa ta yi nauyi, ya kan tambaye ka abu sau uku a zama ɗaya. Mutanen gari sun ce jifa aka yi masa. Mai gidan damben da ya ci kuɗin ƙofa da sunansa ko aike bai taɓa yi ba. Ba jifa ba ce, jama'a. Tun 1928 wani likita Ba'amurke, Harrison Martland, ya bayyana wannan ciwo ga 'yan damben zamani: bugun da ake ta sha a ka yana taruwa ne a ƙwaƙwalwa, sannu a hankali, har ya lalata ta. Haɗarin ya fi tsanani in mutum ya sha bugu ya suma, sa'an nan ya koma fage kafin ƙwaƙwalwar ta warke. Kawu kuwa ya gaya mini da bakinsa cewa an sha sumar da shi da yamma, a yayyafa masa ruwa, washegari ya sake naɗe hannu, don in bai shiga ba ba shi da na tuwo. Damben kaka na mako kaɗan ne a shekara, jiki ya huta sauran watanni a gona. Damben bariki ba shi da damina. Mun canza wa wasan lokaci, amma ba mu canza masa doka ba.

Mutum uku nake da ja da su a kan wannan al'amari.

Na farko shi ne ɗan boko mai ɗaga hanci, wanda ke cewa dambe harkar jahilai ce, ta 'yan shaye-shaye da masu laya da guru. Wannan malam shi ne zai hana idonsa barci don kallon Anthony Joshua, ya kuma san tarihin Muhammad Ali kamar karatun allo. Ya sani kuwa cewa damben Ingila ma da hannu tsirara aka fara shi, a bayan gari, cikin caca da giya? Abin da ya fitar da shi daga wannan hali ba wani abu ba ne illa takarda: dokokin Queensberry da aka buga a 1867, waɗanda suka kawo safar hannu, da turmi na minti uku, da ƙirga goma ga wanda ya faɗi. A Japan ma wani malamin makaranta ne, Jigoro Kano, ya tsince dabarun faɗan gargajiyarsu a 1882, ya zubar da masu haɗari, ya rubuta sauran, ya kira shi judo. A 1964 judo ya shiga wasannin Olamfik a Tokyo, a gasar da Nojim Maiyegun ya ciwo wa Nijeriya lambarta ta farko da damben Turawa. Ashe ba wasan ne ke da jahilci ba. Wasan da masu ilmin ƙasarsa suka juya wa baya shi ke zama a hannun wanda ya tsince shi. In akwai ƙwaya da caca a gidan dambe, lalle abin ƙi ne, kuma addininmu ya hana, amma ba a rushe kasuwa don an ga ɓarawo a cikinta. Doka ake kafawa a kore shi.

Na biyu shi ne mai cewa al'ada ce, a bar ta yadda aka gada, awon nauyi da likita duk bidi'ar Nasara ce, namiji ba ya tambayar nauyin abokin karonsa. Wannan magana tana da daɗin ji a bakin wanda ke zaune a kan benci. Amma wace al'adar ake nufi? A dā akwai masu ɗaura akayau na ƙarfe a ƙafa su yi shuri da shi, daga baya aka bari. A dā ba a biyan kuɗin ƙofa, ba a yin damben mota, ba a yi kullum. Duk waɗannan canje-canje an karɓe su hannu biyu don suna kawo kuɗi. Sai da aka zo kan wanda zai kare ran ɗan dambe sa'an nan aka tuna da al'ada? Abin da ya sa dambe ya zama dambe shi ne mashi da garkuwa, da turmi uku, da kisa, da kalangu da kirari, da biyayyar yaro ga ubangidansa. Ba wanda ya ce a taɓa waɗannan. Sikeli da ma'aikacin lafiya ba za su hana kalangu zaƙi ba.

Na uku, wanda ya fi ba ni tsoro don ya fi yawa a cikinmu, shi ne mai cewa ai an gama, kamfanoni sun zo, duniya ta san mu, sai mu zauna mu yi tafi. Kamfani ba uban kowa ba ne. Riba ta kawo shi, kuma ranar da ribar ta yanke zai naɗe tabarmarsa, ba kuwa za a ga laifinsa ba. Kamfani gwani yake saye, ba ya reno. Gwanin kuwa a fagen ƙauye ake yin sa, gaban tsofaffin da suka san hannu, inda yaro zai fara da sa'o'insa kafin ya fuskanci manya. In fagen ƙauye ya mutu, ba da daɗewa ba za a rasa wanda za a ɗauka hoto, ko kuwa a riƙa kwaso yaran da yunwa ta koro, waɗanda ba su koyi kare kai ba, a jefa su gaban ƙarti don a sami kisa mai kyan kallo. Ban da haka, wanda ya rubuta doka shi ke da wasa. In muka bari sai an rubuta dokar dambe a Ikko ko a London, to, ranar da aka ce kiɗa yana ɓata wa masu kallon ƙetare lokaci, za a sallami makaɗi, mu kuwa ba mu da bakin magana.

Wani zai ce duk wannan mafarki ne, gwamnati ba ta taɓa riƙe wasan gargajiya ya yi ƙarko ba. Sai in ce masa ya leƙa Jamhuriyar Nijar. Tun 1975, da aka yi gasar farko a Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, suke gudanar da kokawar neman takobin ƙasa. Jihohinsu takwas kowace tana tace 'yan kokawarta ta kawo goma, a haɗu su tamanin, kuma gasar tana zagayawa daga jiha zuwa jiha. Sun gina filayen kokawa sun sa musu sunayen gwanayensu, na Maraɗi sunan Kantu, na Doso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram sunan Langa-Langa. Yaron da ke kokawa a ƙauyen Doso ya san matakalar da zai taka har ya kai ga takobi, kamar yadda Isaka Isaka ya taka. Nijar ba ta fi mu kuɗi ba. Abin da ta fi mu shi ne ta ɗauki abinta da daraja. Mu kuwa, ko da yake dambe da kokawa da langa suna cikin gasar wasanni ta ƙasa, wadda aka fara a Ikko a 1973, ina matakalar da ta taso daga Kebbe ta kai can? Ina filin da aka sa wa sunan Shago?

Na san akwai uzuri na gaskiya. Ƙasar Kebbe tana iyaka da Zamfara, kuma a shekarun nan 'yan bindiga sun hana ƙauyuka da dama barci, har noman ma da ƙyar ake yi. Mutumin da bai cire amfanin gona ba ba ya kiran makaɗi. Ban raina wannan ba. Amma ana cin kasuwa a Tambuwal, ana taron siyasa a cika fili, ana buga ƙwallo da yamma. In za a iya tsare waɗannan, za a iya tsare fagen dambe na yini biyu da rana tsaka a hedkwatar ƙaramar hukuma. Kuma saurayi mai ƙarfi a jika wanda ba shi da fagen da za a yi masa kirari, akwai masu jiran su ba shi wani fagen a daji. Wannan kaɗai ya isa ya sa hukuma ta yi tunani.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi, kuma ba na kiran Abuja, ku nake kira.

Na farko, ƙungiyoyin ɗaliban Tambuwal da Kebbe su sa hutun bana ya zama na tattara tarihi. Kowa yana da waya a aljihu. A je wurin sarakunan fawa da tsofaffin 'yan dambe da makaɗa, a ɗauki maganarsu da izninsu, a rubuta sunaye, da wanda ya koya wa wane, da yadda ake raba wasa a dā. A kai kwafe sashen Hausa na jami'a, a ajiye wani a garin.

Na biyu, ɗaliban shari'a da na likitanci su zauna da waɗannan dattawa a fitar da ƙa'idoji da Hausa, waɗanda ba su wuce shafi huɗu ba: rukunin nauyi, da mafi ƙarancin shekarun shiga fage, da duba naɗin hannu kafin wasa, da hana wanda ya bugu da ƙwaya shiga, da hutun dole na makonni ga wanda ya suma, wanda likita ne zai ƙayyade shi. Dattawan su ne masu hukunci, mu masu alƙalami ne kawai.

Na uku, 'yan'uwanmu da ke aiki a sakatariyar ƙananan hukumomin nan biyu su rubuta takarda a sa gasar kaka a cikin kasafin kuɗi, daga gunduma zuwa ƙaramar hukuma, sa'an nan gwanayen Kebbe su kara da na Tambuwal, shekara guda a nan, shekara guda a can. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, don haka ku riƙe wannan hujja in an ce muku babu. In biyu suka fara, sauran ashirin da ɗaya na Jihar Sakkwato za su yi kishi, har a kai filin wasa na Giginya.

Na huɗu, kowane ɗan dambe ya sami kati mai hotonsa, a riƙa rubuta wasanninsa da raunukansa, kuma kada ya dangwala yatsa a kan wata yarjejeniya sai an fassara masa ita da Hausa, an gaya masa rabonsa daga hoton da za a sayar. Daga kuɗin ƙofa kuma a ware wani kaso, kome ƙanƙantarsa, a asusun jinyar waɗanda suka ji rauni da tsofaffin da suka ajiye zare.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar miliyoyi. Takarda ce da alƙalami da zirga-zirga, da kuma sauke girman kai a durƙusa gaban mahaucin da ya fi mu sanin abin da muke so mu rubuta. Mun sha cika baki a tarurrukan Makon Hausa cewa mu ne masu kishin al'ada, mu sa babbar riga, mu ci tuwo, mu watse. To, ga al'ada nan tana zubar da jini a bariki. Wanda ya ga wasan bai dace ba, ya fito ya faɗa da hujja, shafin nan na kowa ne. Amma wanda zai yi sowa in an yi kisa a waya, sa'an nan ya kau da kai in ya haɗu da irin su kawu a bakin kasuwa, ya sani shi ma yana cikin masu cin kuɗin gardi.

Hutu ya kusa, kaka ma tana tafe. Ni dai na riga na yi wa kawu alkawari zan zo da littafi da alƙalami, tun yana iya tuna sunayen waɗanda ya kara da su. Wanda zai bi ni, ya same ni a ofishin ƙungiya. Wassalam.